Tsohuwar Tarakta: A Dubi Cikinta Kafin A Dubi Fentinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ka da abokan aikinka, da fatan Allah ya ƙara basira. Mu masu wannan takarda makanikan tarakta ne da direbobinta a nan Maradi. Abin da ya sa muka rubuto shi ne damina ta ƙarato, lokacin da manyan manoma da ƙungiyoyin ƙauye da ƴan kasuwa ke fita neman tsohuwar tarakta, wasu daga Kano da Katsina ta hanyar Ɗan Isa, wasu cikin waɗanda ake kawowa daga Turai. Tambaya biyu ce kullum a bakin mai saye: doki nawa ce, wato ƙarfin injinta, kuma nawa za a bari? Sai ya zagaya ta, ya ga jan fenti yana ƙyalli, ya shuri taya, ya ƙirga kuɗi. Ba ya tambayar wane inji ne a ciki, wane irin famfo ke ba shi gazuwal, wato man dizal, kulocin hawa ɗaya ne ko biyu, birkin busasshe ne ko cikin mai yake wanka. Alhali kuwa a nan ne kuɗinsa zai tsira ko ya nutse.

Taraktocin nan ba ɗaya ba ne, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su kuma launinsu ɗaya. Daga wannan samfuri zuwa mai bi masa, maƙeran sun yi ta sauya inji da giya da birki, kuma duk gyaran da suka yi ya zo da nasa sharaɗi. Wanda ya riƙe ta bayan da irin riƙon ta farkon, shi ne wanda za a buɗe wa inji tun gero bai yi bununi ba.

Mu ɗauki gidan Ferguson, tunda su suka fi yawa a ƙasar Hausa. Kakarsu ita ce ƴar toka TE20, wadda aka fara ƙerawa a Kobantiri ta Ingila a 1946, aka daina a 1956 bayan an fitar da fiye da 500,000. Da fetur ta fara, mai gazuwal ta fito a 1951. Giya huɗu na gaba gare ta da ɗaya ta baya, kuloci hawa ɗaya. Da wuya ka gan ta a gona yau, don haka ba za mu daɗe a kanta ba. A 1956 FE35 ta gaje ta, wadda daga baya aka yi wa jan fenti ta zama Massey Ferguson 35, wato MF 35. A nan ne tarkon farko yake, domin 35 iri biyu ce. Ta farkon tana da injin Standard 23C mai silinda huɗu, lita 2.26. Daga 1959, shekarar da Massey Ferguson ya sayi kamfanin Perkins, aka koma sa mata Perkins mai silinda uku, A3.152, lita 2.5. Mai saye yakan ɗauka huɗu ta fi uku, kamar yadda buhu huɗu ya fi buhu uku. A wannan karon ba haka ba ne. Injin 23C yana da laushin tafiya in ya yi zafi, amma da zarar ya ɗan ci, matsinsa ya ragu, tashinsa da safe sai an yi da gaske. Shi ya sa ake ganin direba yana tura masa tsumma mai fetur a bakin iska, ko yana fesa masa maganin tashi. Injin zai tashi kam, amma da irin bugun da ke karya zoben fistin, wanda mu nan muke ce wa segma, abokanmu na Kano su ce ringi. Kayan gyaransa kuma sun yi wuya a kasuwanninmu, na Perkins kuwa har a ƙananan shaguna ana samu.

Babban sauyin da ya kamata kowa ya fahimta shi ne na inda ake fesa mai. A tsohon tsari, wato 23C da A3.152, akwai wani ɗan ɗaki da aka rarake cikin kan inji kamar ƙoƙo. Fistin yana tura iska ta wata ƴar kafa ta shiga ɗakin tana juyawa, a fesa gazuwal, wuta ta kama a can, sannan ta fito ta danna fistin. Amfanin wannan shi ne ƙarar injin ba ta da kaifi, kuma yana haƙuri da feshin da bai yi laushi sosai ba. Illarsa, zafin da matsi ya haifar yana zurarewa cikin ƙarfen ɗakin kafin mai ya kama, ga ƙarfin da ake ɓatawa wajen tura iska ta ƙaramar kafa. Da MF 135 ta fito a ƙarshen 1964, sai aka zo da AD3.152. Faɗin silinda bai sauya ba, milimita 91.4, tafiyar fistin ma tana nan 127, amma an toshe zancen ɗan ɗaki. An rarake ƙoƙon a kan fistin ɗin kansa, nozul, wato bakin da ke fesa mai, mai kafa huɗu yana fesawa kai tsaye a ciki. Sai injin ya zama mai tashi da bugu ɗaya ko da sanyin Janairu, shan mansa ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100, ƙarfinsa ya kai doki 45 zuwa 47. Irin wannan ƙaura aka yi a ko'ina: MF 65 ta farko ta 1958 tana da tsohon tsari, ta biyun ta zo da AD4.203 mai feshi kai tsaye. Kamfanin Deutz ya bar injin 812 ya koma 912. Taraktar Belarus ta tashi daga MTZ-50 zuwa MTZ-80 da ta fito a 1974.

To ga sharaɗin. Kafofin nozul ɗin nan sun fi bakin allura ƙanƙanta, kuma ana saita shi ya buɗe a matsin da ya kai wajen bar 175 zuwa 185. In kafa ɗaya ta toshe ko bakinsa ya fara ɗiga, man ba zai fita kamar hazo ba, zai sauka wuri ɗaya kamar wutar walda, ya narkar da gefen ƙoƙon fistin. Alamarsa baƙin hayaƙi da bugu a silinda ɗaya. A ciro su a kai wa mai na'urar gwaji sau ɗaya a shekara kafin damina, kuma a sa sabon zoben tagulla a ƙarƙashin kowanne, guda ɗaya tak. In an bar tsohon zobe a rami aka ɗora sabo, bakin nozul ya ja baya, feshin ba zai faɗa cikin ƙoƙo ba. Haka kuma fistin na A3.152 shafaffen kai gare shi, na AD3.152 mai rami ne, faɗinsu ɗaya, kowanne zai shiga silindar ɗan'uwansa lafiya lau, kuma injin ba zai yi aiki ba. Mai zuwa sayen kaya ya tafi da lambar inji, kada ya ce wa mai shago "na Fagusan mai uku" kawai. A injunan Perkins na baya-baya lambar tana farawa da haruffa biyu: CE shi ne mai uku mai feshi kai tsaye, LD shi ne 4.236, LF kuma 4.248.

Akwai wani kuskuren da ke cin kuɗin mutane a ɓoye. Rigar silinda, wato shemis, ta Perkins iri biyu ce: akwai mai rufin kurom a wasu tsofaffin, akwai ta baƙin ƙarfe. Ba a haɗa zobe mai kurom da riga mai kurom, domin ƙarfe biyu masu tauri ɗaya ba sa kwanciya da juna. Injin da aka yi wa haka zai yi ta shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi tun ranar da aka rufe shi, mai shi yana zagin makaniki, makaniki yana zagin mai shago. Bayan an rufe inji a saita bawul a milimita 0.30 yana sanyi, a sake ɗaure kan inji a sake saitawa bayan ya yi awoyi kaɗan na aiki.

Sai famfon gazuwal, wanda a ganinmu shi ne ya fi kowane sashe shan wahala a Maradi. Tsohuwar ƴar toka da Fordson Major ta 1952 suna da dogon famfo mai jere, kowace silinda da nata ɗan fistin, kuma ƙasansa yana kwance cikin nasa man. Ƙato ne, mai tsada, amma mai haƙuri. Daga 35 zuwa gaba Ferguson ya koma ƙaramin famfo mai juyawa na kamfanin CAV, wanda ake kira DPA. Shi ba a zuba masa baƙin mai, gazuwal ɗin da ke ratsa shi ne ke shafe shi. Wannan ya rage nauyi da tsada da aikin dubawa, amma ma'anarsa ita ce duk abin da ke cikin jarka yana cikin famfo. Ruwa ya shiga, ya kwana, tsatsa ta kama. Rairayi ya shiga, ya karce kan famfon da aka goge shi daidai da awon da ido ba ya gani. Kananzir da wasu ke surkawa don araha ba shi da santsi, sai ƙarfe ya ci ƙarfe. Alamar famfon da ya ci sananniya ce: tarakta ta tashi lafiya da safe, in ta yi zafi aka kashe ta sai ta ƙi tashi sai ta huce.

Maganin ba shi da tsada. Man da aka saya a durom a bar shi ya kwana biyu a jingine, a ɗiba daga sama, a bar na gindi. A cika tanki da yamma bayan aiki, domin tankin da ya kwana rabi yana yin gumi a ciki. A duba kwalbar da ke ƙarƙashin filta kowace safiya a zubar da ruwan da ya kwanta. Littafin kamfani yana ba filta awa ɗaruruwa, mu dai shawararmu a sauya ta farkon damina da farkon sussuka ko da awoyin ba su cika ba. In an sauya, ko mai ya ƙare a gona, a fitar da iska bi da bi: a sassauta notin kan filta a yi ta danna hannun ƙaramin famfon da ke jikin inji har kumfa ta ƙare, a ɗaure, a sassauta ƙananan notuna biyu na jikin DPA, na ƙasa sannan na sama, daga nan a sassauta bututun nozul biyu a murza inji har mai ya tsirto, a ɗaure. In hannun ƙaramin famfon ya yi sakwa-sakwa ba ya turo komai, a ɗan juya inji zagaye ɗaya a sake gwadawa. Af, kada mu manta: notunan waɗannan taraktoci na Ingila awon inci ne, sifanunmu na nan kuwa yawanci na milimita ne. Lamba 13 za ta kama notin rabin inci, amma da ɗan sako, kuma a hankali take cinye masa kai. Mai Ferguson ko Ford ya nemi 5/16 da 7/16 da 1/2 da 9/16 da 5/8 ya ajiye a akwatinta.

Matatar iska ma ta sauya, kuma a ƙasar da hazo ke rufe rana wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tsofaffin suna da tukunya mai baƙin mai a gindi, iska ta bugi man ta bar ƙurarta. Na bayan suna da busasshiyar takarda. Takarda ta fi tacewa, amma tukunya ta fi dacewa da aljihun ƙauye, tunda wanki kawai take so. Lokacin sussukar gero ko haƙar aya a Agiye da Gazawa a wanke ta kullum, a zuba mai daidai layin da aka zana. In an wuce layin, inji zai iya zuƙar man ya yi ta gudu ba a iya kashe shi da liba. Ita kuwa takarda ba a buga ta a jikin taya, ba a wanke ta da gazuwal. A hura ta da iska mara ƙarfi daga ciki zuwa waje, a haska tocila a ciki. In haske ya fito ta wata ƴar huda, ta gama aiki. Ƙaramar takardar da ke cikin babbar ba a taɓa ta, sauyawa ake yi. Ƙaiƙayi kuma shi ne ke toshe lagireto, wato tankin da ke sanyaya ruwan inji, ya sa inji zafi, sai a ɗora wa tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, laifi a cire shi a yar. A injuna da yawa cire shi yana barin ruwa ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya ba tare da ya ratsa lagireto sosai ba.

Tunda an zo kan ruwa, a yi hattara da Ford. Tsohuwar Major rigunan silindarta jiƙaƙƙu ne, ana zare su a sa sababbi. Sababbin da aka fara a Basildon ta Ingila a 1964, wato 2000 da 3000 da 4000 da 5000, da ƴaƴansu irin 6600, an huda silindar ne a jikin bulok ɗin kai tsaye babu riga. Inji ne mai ƙarfi da tauri, amma in an shekara ana zuba masa ruwan rijiya tsura ba maganin tsatsa, bangon silinda yakan huje daga bayansa, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Gyaransa sai an kai bulok wurin masu huda an dasa riga. Deutz mai sanyaya da iska ya huta da duk wannan, kowace silinda da kanta daban ake cire su, sai dai in fambel, wato bel ɗin da ke juya fanka, ya tsinke ko ƙura da mai suka cushe tsakanin haƙarƙarin silinda, cikin mintuna kaɗan yake ƙonewa.

Manyan Ferguson masu silinda huɗu ba sa buƙatar dogon bayani. 165 ta gaji 65 da inji 4.203, daga baya aka sa mata 4.212. 175 ta zo da 4.236 mai lita 3.86, 185 da 290 kuma suna da 4.248 mai lita 4.06; bambancin waɗannan biyun faɗin silinda ne, milimita 98.4 da 101. Danginsu ne ake sawa cikin MF 375 da 385 da ake ƙerawa a Pakistan, abin da ya sa kayansu ba sa yankewa. Abu guda za a kiyaye: a ƙarƙashin karanshaf ɗinsu, wato sandar da fistin ke juyawa, akwai wasu nauyaya biyu masu juyawa da ke kashe girgiza, kuma famfon baƙin mai a jikinsu yake. In an kwance aka mayar ba a daidaita alamomin haƙora ba, tarakta za ta riƙa rawa har ta tsinke bututu da notuna.

Yanzu mu koma bayan inji, inda mai saye ba ya leƙawa sam. A ƴar toka, kuloci ɗaya ne ke riƙe da komai. Ka taka shi, taya ta tsaya, sandar baya mai juya injin sussuka, wadda ake kira PTO, ta tsaya, famfon ɗaga garma ma ya tsaya. Wato in garma ta cije a laka ba ka iya ɗaga ta sai ka fitar da giya ka saki kuloci. A 35 aka kawo kuloci mai hawa biyu, faifan inci 11 na tafiya da na inci 9 na sandar baya. Rabin taki yana tsayar da taya kawai, sanda da hannayen baya suna ci gaba da aiki. Taki har ƙasa yana tsayar da duka. Amma ba kowace 35 ke da shi ba, akwai masu araha da aka fitar da hawa ɗaya, don haka a gwada: a sa sandar tana juyawa, a taka rabi a duba, a taka duka a duba. In an taka har ƙasa sandar ba ta tsaya ba, ko libarta tana gurzar haƙora in za a sa ta, yawanci ba faifai ne ya mutu ba. Akwai notuna uku a jikin kulocin da ake kaiwa gare su ta murfin ƙasa, a saita tazarar kowanne wajen milimita 2, duka uku daidai wa daida. Sau da yawa ana raba tarakta gida biyu a kan abin da sifana da ma'aunin tazara za su gyara cikin awa ɗaya. Direban da ke ɗora ƙafa kan feda yana tafiya kuwa, shi ke cinye boris ɗin kuloci, wato zoben ƙarfe mai juyawa da ke danna shi. Ford 5000 da manyan Ferguson na baya sun wuce nan, sandarsu tana da nata kulocin na mai da liba daban, wanda ke son mai tsabtatacce da filta mai kyau. Ita sandar, ƙa'idarta juyi 540 a minti, haƙora shida, kauri milimita 35, kuma a 135 ana samun wannan juyi ne in inji yana wajen 1,700. Injin sussuka da aka ba wa fiye da haka yana farfasa ƙwayar gero.

Giya ta tashi daga huɗu zuwa shida a 35, ta hanyar ƙara ƙaramar liba mai babban gudu da ƙarami a bayan giya uku, sannan ta kai takwas a 135 da 165 na baya da 240 da 290. Amfanin takwas a gona yake bayyana. Huɗa da garma mai faifai tana son tafiyar kilomita 5 zuwa 7 a awa, kuma a mai shida sau da yawa giya ɗaya ta yi sanyi, mai bi mata ta fi ƙarfin inji a ƙasar fadama irin ta Gulbi da Jiratawa. Yawancinsu ba a sauya musu giya ana tafiya, sai an tsaya cak. Ƙarar da ake ji in yaro yana jan tirelar yashi yana cusa giya, haƙora ne ke zuba. Tsakiyar ƙaramar libar kuma ita ce makullin tsaro, in ba a can take ba inji ba ya tashi. Masu haɗa wayar kai tsaye, ko masu tayar da inji da sukundireba suna tsaye gaban tayar baya, da ransu suke wasa.

Multi-Power da aka kawo a 1962 ita ce muke roƙon mai saye ya yi tunani sau biyu a kanta. Wata ƴar liba ce a gaban direba da ke ƙara gudu da kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da taka kuloci ba, giya shida ta zama goma sha biyu. Dabara ce mai kyau a hannun wanda ya san ta. Amma in tana ƙasa, tarakta ba ta riƙe kanta da inji a gangare, sakinta take yi kamar an fitar da giya, kuma da tirela cike da taki a baya birki kaɗai ba zai tsayar da ita ba. Ba a kuma tayar da ita da turi ko ja, domin sai inji na aiki famfonta ke ba da matsi. A garin da rabin taraktoci ke kwana kan tudu saboda batir ya mutu, wannan kaɗai ya isa dalili.

Makullin ƙafafun baya, fedar da ake takawa da diddige don tayoyin biyu su juya tare, ya zama ruwan dare daga 35X ta 1962. A fadama yana fitar da tarakta daga inda da sai an kira shanu. A taka shi kafin taya ta fara wulwulawa, ba tana cikin yi ba, kuma a tabbata ya saki kafin a juya a bakin gona. A jigawa irin ta Dakoro da Mayahi kuwa, abin da ya fi taimako shi ne rage iskar tayar baya zuwa wajen bar ɗaya don ta shimfiɗu kan rairayi. Manyan, daga 65 zuwa 290, suna da ƙarin haƙora masu rage gudu a bakin kowace ƙafar baya, kuma kowane gefe da man kansa da murfinsa daban. Direbobi da yawa suna duba man giya su ɗauka sun gama, har sai ƙafa ta fara kuka. Masu ja da ƙafa huɗu irin Fiat DT, kada a sa musu tayar gaba da ta saɓa wa lambar da kamfani ya rubuta, kuma a cire ta gaban in an hau kwalta.

Birki ya bi matakai uku. Ƴar toka da 35 da 135 suna da na ganga, wanda ke mutuwa in robar bakin aksul ta fara yoyo mai ya jiƙa takalmin. Sauya takalmi ba tare da sauya robar ba zubar da kuɗi ne. 65 da 165 na farko suna da busasshen faifai a ciki, mai kamawa da ƙarfi yau, gobe ya ƙi. Ford 4000 da 5000 da manyan Ferguson na baya suna da faifai da ke cikin mai, wanda ƙura ba ta kai masa kuma yana shekaru. Sharaɗinsa shi ne mai. A Ferguson, giya da tsakiyar aksul da famfon ɗaga garma duk tukunya ɗaya suke sha, kusan lita 30 a 35 da 135. Tsofaffin suna lafiya da man giya lamba 90 mara haɗi. Mai jiƙaƙƙen birki ko Multi-Power sai man da aka rubuta UTTO ko STOU a jikinsa. In an zuba masa man aksul na babbar mota mai warin ƙwai, ko ragowar baƙin man da aka juye daga inji, birki zai fara gurnani, faifan ya ɓare, garinsa ya bi mai ya toshe matatar famfo, hannayen baya su riƙa ɗaga garma suna kakkarwa. Man da ya koma fari kamar nono kuwa ruwan sama ne ya shiga ta yagaggiyar robar gindin libar giya, robar da kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa biyu ba.

In aka tambaye mu, ga manomin da ke da jigawa da ɗan aikin tirela da sussuka, 135 ko 240 mai giya takwas ba Multi-Power ta ishe shi, da garma mai faifai biyu. Mai yin huɗar haya a fadama ya nemi 165 ta baya ko 265 ko 290 ya ja faifai uku. 35 mai silinda huɗu sai in kyauta aka ba ka.

Ranar ciniki a je da sassafe ba tare da an faɗi lokaci ba, a dafa inji a ji yana da sanyi, domin wanda aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye rabin ciwonsa. Mai feshi kai tsaye ya tashi cikin daƙiƙa kaɗan, farin hayaƙin ya washe kafin minti ɗaya. A dubi bututun numfashi da ke gefen inji, in yana huci kamar tukunyar dambu zobba sun tafi. A buɗe murfin lagireto tun inji bai yi zafi ba a ga ko ruwan yana kumfa. A zaro ma'aunin man baya a dubi launinsa. A ƙarƙashin gidan kuloci akwai ƴar huda mai ƙusa tana reto, a motsa ta a ga abin da zai ɗigo: baƙin mai daga inji yake, mai haske daga giya, kuma kowanne sai an raba tarakta gida biyu. A rataya garma a ɗaga ta sama a kashe inji. In ta sauko ƙasa kafin a gama shan shayin farko, silindar ɗagawa ko bawul ɗinta na yoyo. Daga ƙarshe a shiga kowace giya ɗaya bayan ɗaya, a ja da nauyi, a saki totur, wato abin ƙara wa inji wuta, farat ɗaya a ga ko liba za ta tsalle ta fita da kanta.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam,
Wasu makanikan tarakta da direbobi,
Maradi, Jamhuriyar Nijar.